Asibitinmu zai koma kwamfuta, amma yawancin marasa lafiyarmu tsofaffi ne: ta ina za mu fara?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni ke kula da sashen masu hawan jini da ciwon suga a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Duk Talata da Alhamis muna ganin mutum kusan ɗari, fiye da rabinsu sun haura sittin. An ce mana baɗi za a daina kati da fayil, komai ya koma kwamfuta, har da karɓar lamba da tunatarwa ta waya, kuma an sa ni cikin kwamitin tsarawa. Tsoro nake ji kada tsofaffin nan su daina zuwa. Yawancinsu ba sa karatun boko, wasu ma wayar ta 'ya'yansu ce. Ta ina ya kamata mu fara, kuma me za mu kiyaye?"

Wa alaikumus salam, Sista. Abin da kike tambaya shi ne yadda za a shigo da kwamfuta asibiti ba tare da an kori waɗanda suka fi kowa bukatar asibitin ba. Tsoronki yana kan hanya, kuma gara da kika kawo shi tun ba a sa hannu a kwangila ba.

Abu biyu ne aka haɗa muku a jaka ɗaya, kuma aikinki na farko a kwamiti shi ne ki raba su. Akwai kwamfutar da ma'aikaci zai yi aiki da ita: ɗakin kati, teburin awo, ofishin likita, ɗakin magani. Akwai kuma abin da ake so mara lafiya ya latsa da hannunsa: manhaja, karɓar lamba ta waya, saƙon tes. Na farkon babu wanda zai amfana da shi kamar tsoho. Matashi ya zo da zazzaɓin cizon sauro, ya sha magani kwana uku, ba ki sake ganinsa sai baɗi. Dattijo kuwa naku ne shekara goma, da cuta biyu ko uku, da magani biyar ko fiye. Ranar da fayil ɗinsa ya ɓace aka buɗe masa katin wucin gadi, likitan da ke kan aiki bai san maganin hawan jini lisinopril ya taɓa sa shi tari ba, ko ɗan'uwansa amlodipine ya kumbura masa ƙafa, sai ya sake rubuta shi. Kwamfuta na maganin wannan. Na biyun ne ke korar mutane, don haka shi ake jinkirtawa, kuma ba a tilasta wa kowa shi.

Ƙasashe biyu sun isa misali. Ingila ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan asibitocinta a 2002, a 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi, bayan ya ci kuɗin da aka ƙiyasta kusan fam biliyan 10. Cikin manyan dalilan da aka bayar akwai cewa daga sama aka tsara shi, ba a ji ta bakin likitoci da ma'aikatan jinyar da za su yi aiki da shi ba. Istoniya kuwa ta fara rubuta magani ta kwamfuta a 2010, ya karɓu har wurin tsofaffi, domin ba a ɗora wa mara lafiya komai ba: likita ya rubuta, tsohuwa ta je kantin magani ta miƙa katin shaidarta, a ba ta. Na'urar tana hannun ma'aikaci.

Kafin a sayi ko da waya ɗaya

Ku ɗauki sati biyu kuna kallo. Ki sa ɗalibar jinya ta bi dattawa goma, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofar asibiti har su fita, da agogo a hannunta. Ta rubuta inda aka tsaya, minti nawa, sau nawa aka biya kuɗi, wa ke riƙe da katin, ina aka hau matakala. Sau da yawa za ku tarar ganin likita bai wuce minti bakwai ba, amma neman fayil da layin biyan kuɗi sun cinye awa biyu. Inda lokaci ya fi tafiya, nan kwamfuta za ta fara shiga.

A cikin satin biyun kuma a tambayi mutum hamsin, baki da baki: wayar wa za mu kira, mai botin ce ko ta shafawa, kina karatu, boko ko ajami, wane yare kika fi ji, wa ke kawo ki, kin yarda mu gaya masa sakamakonki? Amsar nan ita ce hujjarki a gaban kwamiti in wani ya tashi yana cewa ai yanzu kowa na da waya.

Wata tambaya kuma ki yi wa masu kawo manhajar. Asibitinku ya riga ya saba tura alƙaluman wata-wata cikin DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya da ita, amma wannan ƙidaya ce, ba fayil ɗin mutum ɗaya ba. Manhajar da za ku ɗauka dole ta fitar da ƙidayar nan da kanta, in ba haka ba za ku wayi gari kuna rubutu sau biyu, a kwamfuta da kuma rajista. Akwai manhajoji na kyauta irin OpenMRS, wadda asibitocin masu cutar ƙanjamau da dama a Najeriya ke aiki da wani nau'inta. Kyautar ta tsaya a lasisi. Ɗorawa, horarwa da albashin wanda zai gyara in ta tsaya duk kuɗi ne, kuma kowace shekara ne.

Wane ne wannan mara lafiyar?

Nan zan daɗe, don a nan shirye-shirye da yawa ke ruɓewa a hankali ba a lura ba. Kwamfuta ba ta san fuska ba. Ma'aikacin ɗakin kati ya san Baba mai goro da tafiyarsa, ita kuwa suna da lamba kawai ta sani. Yau an rubuta Muhammad, wata mai zuwa Mohammed, wani ya taƙaita Muhd. Tsohuwa ta ce sunanta Kulu, a katin ɗan ƙasa Hauwa'u ce, jikanta da ya kawo ta kuma Hajiya Babba kawai ya sani. Cikin wata shida sai mutum ɗaya ya zama fayil uku, kowanne da rabin tarihinsa. Mafi muni shi ne a haɗe mutum biyu masu suna ɗaya, a ba wani maganin wani.

Maganin abin ƙa'ida ce da za a rubuta a manna a jikin tebur. A yarda da rubutu ɗaya ga sunayen da suka fi yawa. A buɗe gurbin laƙabi daban, da unguwa, da sunan mai unguwa ko masallaci mafi kusa. A ɗauki hoton fuska. Kada a buɗe sabon fayil sai an nema ta hanya uku: lamba, suna, lambar waya. A kuma naɗa mutum ɗaya tak mai ikon haɗe fayil biyu, ya zauna duk Juma'a ya duba waɗanda suka yi kama. Lambar NIN tana taimakawa in akwai, amma kada ta zama sharaɗin ganin likita. Zanen yatsa ma kada a dogara da shi: fatar tsufa ta bushe ta sulɓe, noma da wanki sun cinye zanen, lalle kuma yakan hana na'ura karantawa. Ki yi tunanin dattijuwa a tsaye ana danna mata yatsa sau takwas, layi na gunaguni a bayanta.

Katin hannu kuma ya zauna. Ki dage a kan wannan. Ƙaramin kati mai leda, da lambar asibiti da manyan baƙaƙe, da zanen lambar da na'ura ke karantawa, a baya kuma ranar dawowa da biro. Fayil ne zai tafi, ba kati ba. Tsoho ya amince da abin da ke aljihunsa, kuma ranar da wuta ta ɗauke katin ne zai cece ku.

Sai shekaru. Da yawa ba su san ranar haihuwa ba, sai ma'aikaci ya kalli fuska ya buga 1 ga Janairu da shekarar da ta zo masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da shekaru ake lissafin ƙarfin ƙoda, da ƙarfin ƙoda ake auna magani. A lissafin Cockcroft-Gault ana cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi. Ɗan tamanin da aka rubuta masa sittin, kwamfuta za ta ba shi 80 a inda ya kamata 60, wato ainihin ƙarfin ƙodarsa bai kai abin da allo ya nuna ba da kashi ɗaya cikin huɗu. Ku buga jadawalin abubuwan da kowa ke tunawa ku ajiye a ɗakin kati: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, samun 'yancin kai 1960, rasuwar Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi a hannun dama 1972, canjin fam zuwa naira 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976. In ta ce, "Ina goyon ɗan farina aka kashe Murtala," kin samu ƙiyasi mai tushe. Manhajar ta kasance da wurin da za a nuna cewa shekarun ƙiyasi ne.

Kada ku ce za ku kwashe duk tsofaffin fayiloli ku zuba a kwamfuta. Rabinsu na waɗanda suka rasu ne ko suka ƙaura. Duk wanda ya zo, ranar ake shigar da shi, kuma abu kaɗan ake ɗauka: cututtukansa, magungunan da yake sha yanzu, waɗanda suka taɓa ba shi matsala, awon jini uku na ƙarshe, gwajin ƙoda na ƙarshe. Minti shida ga kowane mutum, sau ɗari, awa goma ke nan. Don haka ko a ƙaro mutum biyu, ko a ciro fayilolin tun jajibiri. Tunda yawancinsu na dawowa cikin wata ɗaya zuwa uku, kafin wata huɗu kun shigar da mafi yawa. A wannan zuwan ku ce kowa ya zo da duk abin da yake sha a leda, har na gargajiya da na kemis. A ledar nan ake ganin diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa, waɗanda ke ɗaga jini suna cin ƙoda, ba kuma a taɓa rubuta su a fayil ba.

Wani kuskuren da na sha gani shi ne na ma'aunin suga. Wata na'ura mg/dL take bayarwa, wata mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne: 7 a mmol/L shi ne 126 a mg/dL. In an buga 7 a gurbin mg/dL, allo zai nuna mutumin da suga ya faɗi warwas alhali yana zaune lafiya. Ku zaɓi ma'auni ɗaya a asibiti duka, kuma gurbin ya ƙi karɓar lambar da ba ta yiwuwa. Gargaɗin da kwamfuta ke fitowa da shi kuwa a taƙaita shi. In kowane magani sai ta yi ƙara, cikin sati ɗaya likita zai koyi rufewa ba karantawa. Huɗu ko biyar sun isa: maganin suga metformin ga wanda ƙarfin ƙodarsa ya faɗi ƙasa da 30, maganin suga glibenclamide ga tsoho saboda faɗuwar suga, maganin ciwon gaɓɓai a kan maganin hawan jini da na fitsari, magani iri ɗaya sau biyu, da duk wanda ya taɓa yi wa mutumin illa.

Wuta da sabis

Babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, wadda ake kira saba, ta zauna a cikin asibiti, sauran su haɗu da ita ta waya ko rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna), yadda aiki ba zai tsaya don babu intanet ba. In sabis ya samu sai ta tura kwafi waje. Ku sayi laftof maimakon kwamfutar tebur, don batirinta na riƙe ta lokacin da ake sauya wuta. Lissafin sashe irin naku: laftof shida a wat 50 kowace, saba da rauta kusan wat 80, ƙananan firintocin buga takardar mannawa biyu, jimla wajen wat 420. A awa goma kilowat-awa 4 da ɗoriya ke nan. Faifan sola na kilowat 1.5 da batirin litiyam mai kilowat-awa 5 za su ɗauka, matuƙar ba a jona firij, butar lantarki ko babbar firinta a layin ba, kuma ana wanke faifan lokacin hunturu saboda ƙura. Kwafin bayanai kullum, ɗaya a wani ɗaki, ɗaya a wajen asibiti, kuma duk wata uku a gwada maido da shi a gani ko yana buɗewa. A ajiye fom ɗin takarda na ranar da komai ya tsaya. Ko a Ingila, harin kutsen kwamfuta da aka kira WannaCry na Mayun 2017 ya sa an soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000.

Tunatarwa ta waya

Murya ta fi rubutu. Yanar ido, raunin gani na kusa, rawar hannu da bushewar yatsa duk suna sa allon shafawa ya zama wahala, ga kuma wanda ajami ya iya, ba boko ba. Saƙon murya na daƙiƙa talatin, da muryar ma'aikaciyar da suka sani, a hankali, da sunan asibiti a farko, a maimaita ranar sau biyu. A faɗi lokaci yadda suke lissafa shi: jibi Talata da hantsi, ƙwaya ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Isha'i. Kada a kira lokacin sallah. Kuma tun a asibiti a nuna musu lambar da za ta riƙa kira, a ajiye musu ita a waya, a gaya musu asibiti ba zai taɓa tambayar BVN ko lambar sirri ba. 'Yan damfara sun sa dattawa da yawa ba sa ɗaga baƙuwar lamba, kuma suna da gaskiya.

In za a tura tes ga 'ya'yansu, akwai tarko uku. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗi ya ninka, wasu ƙananan wayoyin kuma akwatuna suke nunawa a wurin haruffan. A tes kaɗai, a rubuta da k, d, b, a zaɓi kalmomin da ba za su rikice ba. Na biyu, layukan da suka kunna tsarin hana saƙonnin talla ta 2442 ba sa samun saƙon da aka turo ta hanyar talla, sai kamfanin da ke tura muku saƙon ya bi ta hanyar saƙonnin sanarwa, kuma ya ba ku rahoton waɗanda suka isa. Na uku, layuka na mutuwa: an rufe da yawa lokacin haɗa NIN da layin waya, wanda aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma ana sayar wa wani. A karɓi lamba biyu, a tabbatar da su duk zuwa. Tsarin latsa tauraro da lambobi irin na banki kuwa yana yankewa in an yi jinkiri, tsoho yana neman tabarau ya katse.

Tunatarwa na aiki in an ɗaura ta a kan rayuwar mutane. Senegal ta fara tura wa masu ciwon suga saƙonnin azumi a 2014, a shirin da aka kira mRamadan tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ku ma tun watan Sha'aban kwamfuta ta fitar muku da sunayen masu allurar insulin da masu glibenclamide, a kira su su zo a gyara musu magani kafin a ga wata.

A ganina babbar ribar da za ku samu ba saƙon ba ne, jerin waɗanda ba su zo ba ne. Da takarda, wanda ya daina zuwa ba a sanin ya ɓace sai an kawo shi da shanyewar ɓarin jiki. Kwamfuta na iya fitar da sunayensu duk yammacin Alhamis. A ba mutum ɗaya waya da kati, ya kira cikin sati guda, ya rubuta dalili: kuɗin mota, babu mai rakiya, ya ji sauƙi, ya rasu. In kasafinku abu ɗaya kawai zai iya ɗauka a ɓangaren waya, wannan ne.

Sirri, da wanda ke riƙe da wayar

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin bayanan mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin kariya, har da sanar da hukuma cikin awa 72 in an samu kutse mai haɗari. A aikace, tsufa ba ya cire wa mutum haƙƙin sirrinsa. Dattijo mai matsalar fitsari ko ta iyali ba lallai ya so surukarsa ta sani ba. A tambaye shi shi kaɗai, ɗan rakiya na waje, a rubuta wanda ya yarda da shi. Saƙo kada ya ambaci cuta, "asibiti na tunatar da Baba ranar Talata" ya wadatar. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, ba a aro, ba a kuma ɗaukar hoton allo a tura zauren WhatsApp. A kwangila a rubuta cewa bayanan na asibiti ne, kuma duk ranar da aka rabu kamfani zai miƙa su yadda wata manhajar za ta iya karantawa.

Ganin likita ta bidiyo ku bar shi tukuna. Kiran murya ya isa ga wanda jininsa ya daidaita, amma ƙafar mai ciwon suga sai an cire takalmi an duba. Awon jini a gida yana da kyau in na'urar ta dantse ce ba ta wuyan hannu ba, ɗamararta daidai da kaurin hannu, a huta minti biyar, a auna sau biyu. A gida daga 135/85 ake ɗauka ya hau. Sai dai kada a ce su turo awo sai an naɗa wanda zai duba, da abin da zai yi in ya ga 180/120. Tunda kuna tsara fom sabo, ku ƙara shafi ɗaya na shekara-shekara bisa ICOPE, tsarin kula da tsofaffi na Hukumar Lafiya ta Duniya: tafiya, gani, ji, abinci, ƙwaƙwalwa da damuwa.

Lissafin wutar da na yi na sashe ne mai mutum ɗari a rana, asibitin koyarwa sai injiniya ya zo ya auna. Iyakokin magani kuma likitocinku da masu harhaɗa magani ne za su zauna su tabbatar, ba mai manhaja ba. In gwamnatin jiha ta riga ta zaɓi manhajar, ba ke za ki canza ta ba, amma kati, layin wanda ba shi da waya, da yadda za a fara, duk suna hannun kwamitinku.

Ku fara da ranar Talata kaɗai, Alhamis ta ci gaba da takarda, don ku sami abin kwatantawa. Satin farko aiki zai yi nauyi, ku rage mutanen da aka ba ranar da kashi ɗaya cikin uku, ku sa kujeru, ku sa mai tarba a ƙofa. Ma'aikatan da suka manyanta a horar da su daban, su biyu-biyu, ba a gaban yaran da suka koyar ba. Rubutu biyu, takarda da kwamfuta, kada ya wuce sati shida. Kafin ranar farko ku rubuta alƙaluma huɗu: kashi nawa ke dawowa a ranarsu, kashi nawa jininsu ke ƙasa da 140/90, minti nawa daga ƙofa zuwa karɓar magani, fayil nawa aka samu biyu. Ku riƙa duba su duk wata, a rarrabe: maza da mata, 60 zuwa 74, sannan 75 zuwa sama, don jimla na iya yin kyau alhali tsofaffin mata na raguwa a ciki. In dawowar wani rukuni ta sauka wata biyu a jere, kada a shigar da kwamfuta ranar Alhamis tukuna. A ɗauki sunaye ashirin daga waɗanda ba su dawo ba, a kira su, wanda wayarsa ba ta shiga ba a aika ma'aikacin lafiyar unguwa gidansa ya ji dalili.